Guzurin Kwana Uku

Bututun roba na bakinta, idanunta na kan madubin gwaji mai ƙara girman ƙananan abubuwa, lokacin da wayar ta fara rawa a aljihun farar rigarta. Uwar Ɓeraye, kamar yadda ake kiran ta a wurin aiki, ko motsi ba ta yi ba. A cikin siririn tsinken gilashin da ke hannunta akwai 'yan tayin ɓera arba'in da biyu, kowanne bai kai ƙwayar ƙura ba, kuma ba abin da ke riƙe da su sai numfashinta. Da numfashi ake zuƙo su, da numfashi ake sauke su. In ka yi atishawa, ko ka buɗe baki ka ce wa ke kira, aikin wata guda ya bi iska.

Ta sauke su a hankali cikin ɗigon ruwan da ke tsakiyar ɗan faranti, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta mayar da farantin cikin akwatin ɗumi ta rufe. Sai a lokacin ta cire bututun daga baki ta duba wayar. Kira uku, duk daga surukinta, mijin 'yarta Auta.

Shekara shida da auren, bawan Allahn nan bai taɓa kiran ta a lokacin aiki ba. Mai gyaran firiji ne, mai kunya, wanda ko gaisuwa ya zo sai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Ta fita baranda ta kira shi.

"Mama, ina kwana? Ki yi haƙuri na dame ki a wurin aiki."

"Lafiya lau. Auta ce?"

"Ita ce. Jikinta ƙalau, kar ki tsorata." Sannan ya ce, "Mama, mun sake gwadawa."

Ba ta buƙaci ya ce me suka sake gwadawa ba. Dashen ciki ne: a ciro ƙwai daga jikin mace, a haɗa shi da na miji a faranti, a raine shi kwana biyar a akwatin ɗumi, sannan a mayar da shi mahaifa. Sau biyu suna yi, sau biyu suna dawowa gida hannu rabbana. Wannan ne na uku, kuma sai yanzu take ji.

"Ƙwai huɗu aka samu, ɗaya ne ya kama," in ji shi. "Yau kwanansa huɗu. Jiya asibiti sun turo hoto, ƙwayoyi takwas, ras da su, har muka yi ta ƙirgawa. Yau da safe suka turo wani. Mama, ya narke. Duk ya cuɗe, ba a gane komai, kamar kyandir da aka manta a rana. Auta ta ce ya mutu kamar na baya. Ta kwashe magungunan ta zuba a leda, ta ce allurar ƙarfe ɗaya ba za ta yi ba, ta gaji da huda jikinta a banza. Likita kuwa ya ja mana kunne kada a tsallake ko guda. Allurar ce ke shirya mahaifa. In aka bari, gobe ba dashe."

"Likitan fa, me ya ce da hoton?"

"Yana ɗakin tiyata, wai sai biyar na yamma zai kira. Wadda ta turo ta ce ita turawa kawai aka ce ta yi."

"Turo min in gani."

"Yana wayarta, ta shige ɗaki da ita ta kulle." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma ba ta san na kira ki ba. Ta ce... Mama, ki yafe ni, ta ce kowa ya ji ban da ke."

Uwar Ɓeraye ta dubi agogon baranda. Goma sha ɗaya da minti goma.

"Gani nan," ta ce.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan ɗakin gwaji, ita da Farfesa, suna bin tambaya ɗaya: wa ke tashin ɗan tayi daga barci? Farfesa yana da dogayen kalmominsa da yake rubutawa a takardu. Ita kuwa ba ta da digiri, hannu gare ta da ido, kuma tana da nata bayanin da take yi wa duk baƙon da ya shigo yana toshe hanci saboda warin keji.

Takan ce, uwa ba ta sakin ƙwai sai ta cika shi da guzuri. Ɗan tayi yana da littafin gadonsa, rabi daga uwa rabi daga uba, amma a rufe yake zuwa, ba a karanta ko layi ɗaya. Kwanakin farko da guzurin uwa yake tafiya, ya rabu biyu, biyu su zama huɗu. A cikin guzurin nan akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, da ba su da aiki sai buɗe littafin: wannan shafi a karanta yanzu, wancan a bar shi sai gaba, wancan kuma a rufe shi ruf. In sun yi aikinsu, ɗan tayi ya farka ya fara yi wa kansa abin da yake buƙata. In ba su yi ba, ranar da guzuri ya ƙare ranar tafiya ta tsaya. Ɓera tun yana ƙwaya biyu yake farkawa. Ɗan Adam ya fi shi son jiki, sai ya kwana uku, ya kai ƙwaya takwas.

Furotin ɗin da suke bi yana da suna mai haruffa da lamba, kamar lambar mota. Ita ta raɗa masa Zakara, tunda shi ke cara a tashi. Sunan ya bi shi har Farfesa ya taɓa suɓutar baki ya faɗe shi a gaban taro.

Ta sami Farfesa a kan madubinta, ya ture tabaransa kan sanƙo yana leƙen farantan jiya.

"Uwar Ɓeraye, zo ki ga abin daɗi! Waɗanda kika cire wa Zakara duk sun tsaya a biyu, ko ɗaya bai motsa ba. Waɗanda ba ki taɓa ba kuwa, ga su nan sun dunƙule kamar..." Ya ɗago ya ga tana cire farar riga. "Lafiya?"

Ta faɗa masa a taƙaice. Ya san labarin bara, don a gabansa ta yi mako guda tana aiki ba ta ce uffan ba.

Bara, a gwaji na biyu, Auta ta zo gida da gudu ranar kwana na uku, ko jakar makaranta ba ta ajiye ba, alli ma na hannunta, don malamar firamare ce. Ta miƙa wa uwarta waya tana dariya: "Mama, ga jikokinki, har uku!" Uwar ta sa tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Abin da ya biyo baya ba mugunta ba ce, sabo ne, kuma sabo turken wawa. Kowace safiya ta Allah sai ta leƙa faranti ta faɗa wa Farfesa abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Bakinta ya riga zuciyarta.

"Wannan ya tsaya tun jiya. Wannan ɓarɓashi ya yi masa yawa. Na ukun ma da wuya ya wuce."

Sai da ta ɗago ta ga fuskar 'yarta sannan ta tuna inda take.

"Mama," in ji Auta, a hankali, "ba ɓeraye ba ne. 'Ya'yana ne."

Bayan kwana biyu asibiti suka faɗi abin da uwar ta faɗa, sai dai su da tattausan lafazi. Tun daga ranar Auta ba ta fasa gaisuwa ba, ba ta fasa aiko da saƙo ba, amma ta rufe wata ƙofa. Uwar kuwa ba ta ba da haƙuri ba. Ba girman kai ba ne ya hana ta, rasa yadda za ta fara ta yi. Ta yaya mutum zai ce a yafe masa don ya faɗi abin da ya tabbata? Haka wata goma sha ɗaya suka wuce, suna hira kan tsadar kayan miya da ciwon gwiwa, kuma kullum abin yana cin ta.

"Narkewa ya ce?" Farfesa ya tambaya. "A kwana na huɗu?"

"Haka ya ce."

Suka dubi juna. Dukansu sun san narkewa iri biyu ce, ɗaya mutuwa, ɗaya kuwa akasinta, kuma mai gyaran firiji ba zai bambance su ba. Ba wanda ya furta. A ɗakin nan ba a sa wa abu suna sai an gan shi.

"Ɗauki hoton waɗannan ki tafi da shi," in ji Farfesa, yana nuna farantin da ya dunƙule. "In irinsa ne sai ki nuna mata ta kwatanta."

"Ranka ya daɗe, in na nuna wa yarinyar nan ɓera yau, na rasa 'ya."

"Haka ne. To in kika ga ba kyau fa?"

"Sai in ce yana da kyau. Ta yi allurar dai, likita ya faɗa mata da yamma."

Farfesa ya kwashe da dariya har tabaran ya zamo daga sanƙon.

"Ke? Shekara ashirin da bakwai kina ɓata min safiya da gaskiya. Sau nawa na roƙe ki ki ce min 'wataƙila', don in sha shayina cikin kwanciyar rai?"

"Yau zan koya."

Ya daina dariya. Ya ɗauko jakarta daga kan kujera ya miƙa mata da hannu biyu.

"Je ki. 'Ya'yanki na nan zan kula da su. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi."

Bas ɗin ya cika maƙil, ya kuma maƙale a cunkoson bakin kasuwa kusan minti ashirin. Ta sami gefen kujera kusa da wata matashiya mai goyon jariri a kafaɗa. Jaririn na barci baki buɗe, miyau na zuba kan mayafin uwar. Uwar Ɓeraye ta ɗauke ido ta shiga bitar abin da za ta faɗa. Dole ya fito da sauri, da fara'a, ba tare da wannan ɗan shirun da takan yi ba, don Auta ta san shirun. Ta gwada a zuci, ta ji bai zauna ba. Ta gwada a fili.

"Masha Allah, yana da kyau."

"Na gode, Mama," in ji matashiyar, ta gyara wa jaririn hula tana murmushi.

Uwar Ɓeraye ta gyaɗa kai. Ta ƙara duban yaron, ta ga lallai yana da kyau, amma ko a kansa maganar ta fito a sandare kamar mai karanta sanarwa. Ta tuna Auta tana ƙarama, yadda in ta ga ɓera a kicin sai ta haye kujera tana ihu, yayyenta maza na tsokanar ta wai ƙaninta ne ya kawo ziyara. Ta tuna yadda takan shinshina rigarta in ta dawo aiki ta ce, "Mama, kin fi son su a kanmu." Wasa ne a lokacin. Ta duba agogo: sha biyu da kwata.

Su Auta a hawa na uku suke. Ta hau matakalar tana dafa gwiwa, ta tarar da surukin tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa, sukundireba na leƙowa daga aljihu. Ya rusuna ya gaishe ta. A falo, kusa da kwandon shara, ga baƙar leda an ɗaure bakinta tam, kwalaye na turo ta ta ko'ina. Ta lura hannunsa na dama a dunƙule yake.

"Mene ne a hannunka?"

Ya buɗe tafin. 'Yar kwalbar allura ce.

"Na zare ta daga ledar ba ta gani ba. Maganin mai kauri ne, in an ɗumama shi a hannu bai cika yi mata zafi ba."

Tun ƙarfe nawa yake riƙe da ita, ba ta tambaya ba. Ta dai ce a ranta yarinyar nan ta yi dacen miji. Ta wuce ƙofar ɗaki ta ƙwanƙwasa.

"Na ce maka ka bar ni," in ji muryar Auta daga ciki, a dishe.

"Ni ce."



"Wa ya kira ki?"

"Mijinki. Kar ki ga laifinsa. In laifi kike nema, ga mai shi nan a bakin ƙofa tun bara."

Uwar Ɓeraye ta ajiye jaka, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, gwiwoyinta suka yi ƙara har surukin ya zabura zai kawo kujera. Ta ɗaga masa hannu ya bari.

"Auta, ina nan zaune. Ba sai kin buɗe ba, ki dai saurara. Abin da na faɗa miki bara, na gani ne na faɗa. Amma faranti na kalla, ban kalli fuskarki ba. Kin kawo min 'ya'yanki kina dariya, na amsa miki kamar ina amsa wa Farfesa. Wata goma sha ɗaya ina neman bakin da zan ce ki yafe min, ban samu ba, don ni bakin nan guda ɗaya gare ni. Ki yafe min."

Ta ji motsi, kamar an zauna a ɗaya gefen ƙofar.

"Ba ke ba ce, Mama," in ji Auta. "Ni ce. Likita ya ce tunda kullum a wuri ɗaya suke tsayawa, wataƙila daga ƙwaina ne. Ke ma kin sha faɗa, guzurin uwa. Nawa guzurin ne ba ya kai su ko'ina." Muryar ta karye. "Na gaya masa wannan ne na ƙarshe. Ba zan iya sake ƙirga su in binne su a zuciyata ba."

Wannan ya fi komai yi wa uwar ciwo. Bayanin da ta yi shekaru tana yi wa baƙi cikin raha, ashe 'yarta ta ɗauke shi ta mayar da shi bulala tana dukan kanta.

"Buɗe in gan ki. Hoton ma in ba ki so ba sai na gani ba."

Makulli ya juya. Auta na tsaye da rigar barci, idanu sun kumbura, gashi a tsefe rabi. Ta rame. Wayar na hannunta, ta manna ta a ƙirji. Ta daɗe tana duban uwarta a ƙasa, sannan ta durƙusa gabanta ta miƙa mata wayar.

Uwar Ɓeraye ta karɓa, ta yi wa fuskar wayar kallo ɗaya, ta saki abin da ta haddace a bas.

"Masha Allah, ai yana da kyau!"

Auta ta fizge wayar.

"Mama, ko tabarau ba ki sa ba."

Surukin ya sunkuyar da kai. Uwar ta taɓa fuskarta, ta ji gaskiya ne. Ba tabarau ko lambar bas ba ta iya karantawa.

"Kar ki yi min haka," in ji Auta, hawaye na zuba. "Kowa ya yi min, ban da ke. Tun shekara shida ake ce min 'yana da kyau, in sha Allahu wannan karon'. In za ki duba, ki duba kamar yadda kike duba wa Farfesa. In ya mutu ki ce ya mutu, in tashi in wanke fuskata."

Uwar ta janyo jaka, ta fito da tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta sa. Ta karɓi wayar. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji a gaban madubi ba, don yanzu ba ta da mafaka: abin da ta gani shi za ta faɗa. Ta riƙe numfashi kamar bututu na bakinta, ta buɗa hoton da yatsu biyu.

Da'ira ce mai haske, a cikinta wani dunƙule. Ƙwayoyi takwas ɗin jiya, masu kyan gani kamar ƙwallaye a kwano, babu su. Iyakokinsu sun shafe. Idonta ya fara bin abin da ya saba bi. Ta nemi duhu, babu. Ta nemi tsakuwa-tsakuwar da mataccen tayi ke yi, babu. Ta duba ko ya tsuke ya janye daga ɓawonsa, ta ga ya cika wurinsa, gefensa sumul. Ta ƙara buɗa hoton. Can cikin dunƙulen ga wasu 'yan da'irori, dishi-dishi, kamar sawun ɗigon ruwa a kan gilashi. Leɓɓanta suka fara motsi.

"Mama, kin yi shirun nan."

"Ƙirga nake. Matso. Kin ga wannan ɗan zagayen? Kowace ƙwaya tana da guda ɗaya a tsakiyarta, a nan littafin yake. Jiya nawa kuka ƙirga?"

"Takwas."

"To sa yatsa ki ƙirga min na yau."

Auta ta share ido da bayan hannu ta matso. Surukin ma ya matso, ya manta da kunya, ya durƙusa a bayansu.

"Ɗaya, biyu... wannan ma shi ne?"

"Shi ne."

"Uku, huɗu, biyar..." Ta kai takwas ta tsaya, yatsanta na kan waya. Akwai saura. "Tara. Goma." Ta ci gaba. "Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku."

"Akwai ɗaya a ƙasan wancan, kin tsallake shi. Sha huɗu, waɗanda hoto ya kama ke nan. Auta, matacce ba ya ƙaruwa."

"Amma ya narke, Mama. Na baya ma haka suka..."

"Na baya baƙi suka yi, suka tsuke, kowace ƙwaya tana zaune ita kaɗai har ta lalace. Na gan su, kin san na gan su. Wannan ba narkewa ya yi ba. Ƙwayoyin ne suka rungumi juna, suka manne har ba a ganin tsakaninsu. Muni gare shi a ido, na sani, duk wanda bai saba ba sai ya ce ya lalace. Kuma guzurin uwa kaɗai ba ya kai tayi nan. Sai littafinsa ya buɗe, sai ya farka."

Ta ji muryarta ta koma irin ta safiya a ɗakin gwaji, a miƙe, ba ado. Ba ta yi ƙoƙarin gyara ta ba.

"Kin tabbata?" in ji Auta.

"Gobe ban sani ba. Ko zai kama in an dasa, ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake. Abin da na sani shi ne na yau. Ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya. Guzurinki ya kai shi, Auta, har da saura. Yanzu da ƙafarsa yake tafiya."

Auta ta kifa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi a gabanta ba tun tana 'yar makaranta. Uwar ta dafa gashin da aka tsefe rabi, ta bar ta ta yi. Surukin ya miƙe ya juya musu baya, yana ta duban wata fankar bango da lafiyarta ƙalau.

Shi ne ya fara magana, ba tare da ya juyo ba.

"Mama, ɗaya saura minti goma."

Auta ta ɗago, ta ja hanci. Ta dubi baƙar ledar da ke kusa da kwandon shara, ta dubi mijinta. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata kwalbar.

"Ɓarawo," ta ce, tana dariya cikin hawaye. "Kwance ledar ka ɗauko sirinji da auduga. Yau Mama za ta yi min. Kai hannunka kamar kana ɗaure kusoshi."

Ta kwanta rub da ciki a kan gado, ta cusa fuska cikin filo. Uwar ta wanke hannu, ta karɓi kwalbar, ta ji ta da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Ta zuƙe maganin, ta fitar da iska. Da ta ɗage rigar ta ga wurin, sai ta tsaya. Duk ya yi tabo, shuɗi a kan baƙi, tsohon huji kusa da sabo, ba inda za a sa yatsa. Kwana da kwanaki yarinyar nan tana shan wannan, ita kuwa tana can tana yi mata hirar ciwon gwiwa.

"Mama," in ji Auta daga cikin filo, "bara na tsani bakin nan naki."

"Na sani."

"Yau da wani ne ya faɗa, ko likitan ne, da ban yarda ba."

Uwar ta goge wani ɗan fili da auduga, ta ɗaga sirinjin. Wannan hannun ne ke huda ƙwan ɓera da allurar da ido ba ya gani, ɗari biyu kafin azahar, ba ya kuskure. Farfesa kan ce da za a sayar da shi da ya saya. Yanzu ga shi yana kaɗawa kamar ganye, bakin allurar na zana da'ira a iska.

Auta ta juyo da kai ta gani.

"Mama, hannunki rawa yake."

"Gyara kwanciya, ke dai."

"Ja numfashi." Ta mayar da fuska cikin filo, muryarta na fitowa a toshe. "Ki ɗauka ɓera ce."

Uwar Ɓeraye ta ja numfashi ta riƙe, ta gwada ɗauka. Abin ya ƙi. Haka ta yi allurar, hannu na rawa, ƙarfe ɗaya saura minti biyu.